Rage ƙiba: abincin da za mu bari da wanda za mu rage

A ƙasarmu mun fi sanin ciwon da rashin abinci yake kawowa. Mun san tamowa. Mun san yadda yara suke ramewa da damina, kafin hatsi ya nuna. Amma akwai wani ciwo da yake shigowa ta ƙofar ƙoshi, shi ne ƙibar da ta wuce kima. Muna ganin ta a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, har ma a manyan ƙauyukanmu. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙirga cewa a shekarar 2022, cikin kowane mutum 8 na duniya, mutum 1 yana da irin wannan ƙiba.

A al'adarmu, in mutum ya yi teɓa sai mu ce ya samu. In mace ta cika sai mu ce mijinta yana kula da ita. Amma likitoci sun nuna mana cewa kitse mai yawa, musamman na ciki, yana jawo ciwon sukari, da hawan jini wanda muke ce ma tansiyo, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa. Waɗannan cututtuka ba sa warkewa da allura ɗaya. Magani ne na kullum, kuɗi ne na kullum.

Yaya za mu san ƙibarmu ta wuce kima?

Ba sai da sikeli ba. Mu samu igiya, mu auna tsawonmu da ita tun daga ƙasa har zuwa tsakiyar kai, mu yanke. Sai mu ninka ta biyu, mu zagaya cikinmu da ita, sama da cibiya kaɗan. In bakin igiyar ya haɗu ba tare da mun matse ciki ba, to, da sauƙi. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Wannan awo na manya ne, maza da mata, ban da mace mai juna biyu. Wanda igiyarsa ba ta haɗu ba, ya je gidan likita a auna masa nauyi, da jini, da sukari.

Daga ina kitse yake zuwa?

Jikinmu kamar gidan manomi yake. Abin da aka ci aka yi aiki da shi, ya tafi. Abin da ya yi saura, sai a zuba shi a rumbu. Rumbun jiki shi ne kitse. Bambancin kawai, rumbun hatsi yana zaune a ƙasa, amma rumbun jiki a kan gwiwoyinmu yake, da shi muke tafiya ko'ina.

Iyayenmu sun ci tuwo sun sha fura, ba su yi teɓa ba, don sun yi noma, sun yi daka, sun ja ruwa a rijiya, sun tafi kasuwa a ƙasa. Yau a birni inji yake niƙa, famfo yake kawo ruwa, kabu-kabu yake kai mu kasuwa. Aiki ya ragu, amma sukari da mai sun ƙaru a cikin kwanonmu. Don haka maganin ƙiba ba zama da yunwa ba ne. Maganinta shi ne mu san abin da za mu bari, da abin da za mu rage, da abin da za mu ƙara.

Na farko: sukari, musamman wanda muke sha

In akwai abin da za mu bari gaba ɗaya, to, lemun kwalba ne da ƴan uwansa: lemun gwangwani, da na kwali, da garin lemu da ake kaɗawa a ruwa. Kwalba ɗaya ƙarama, mai santilitir 33, tana iya ɗaukar sukari garam 35. Wannan ya kusa ƙaramin cokali 9. Babu wanda zai zauna ya lashe cokali 9 na sukari, amma a cikin kwalba muna shanye shi ba mu sani ba. Kuma abin sha ba ya riƙe ciki. Bayan mun sha, za mu ci abincinmu kamar kullum.

A shekarar 2015, OMS ta ba da shawara cewa kada babban mutum ya wuce kimanin garam 50 na sukari a yini, wato ƙaramin cokali 12. Ta ce in ya tsaya a cokali 6, ya fi.

Bari mu yi lissafi tare. Mu ɗauki misalin mai shago a kasuwa. Da safe ya sha koko da cokali 3. Da rana ya sha fura da cokali 4. Bayan azahar ya sha shayi kofi 3, kowane da cokali 2, cokali 6 ke nan. Da marece baƙo ya zo, suka sha lemun kwalba, cokali 9. In mun tara, cokali 22 ne a yini ɗaya. A wata ɗaya, wannan mutum ya sha fiye da kilo 2 da rabi na sukari shi kaɗai, alhali kuwa zai rantse cewa shi ba mai cin zaƙi ba ne.

Mi za mu yi? Mu koma ga ruwa. Mu dama fura da nono ba sukari, ko mu rage rabi. Mu sha zoɓo da tsamiya da citta ba tare da mun cika masu zaƙi ba. Mu yi hattara da madarar gwangwani mai kauri, irin wadda mai shayi yake zubawa a kafe: kusan rabinta sukari ne. Haka ma nonon leda mai zaƙi. Alewa, da biskit, da cincin, da nakiya, da alkaki, mu bar su sai ranar buki. Zuma ma, ko da tana da amfani, a lissafin sukari take. Giya da burkutu su ma suna tara kitse a ciki.

Harshe yana sabo. Wanda ya rage cokali ɗaya kowane mako, bayan ɗan lokaci shi da kansa zai ji shayin da ya saba sha ya yi masa zaƙi da yawa.

Na biyu: mai da soye-soye

Likitoci suna auna ƙarfin abinci da wani ma'auni mai suna kalori, kamar yadda muke auna hatsi da tiya. Garam 1 na sukari ko na garin hatsi yana da kimanin kalori 4. Garam 1 na mai yana da kalori 9, fiye da ninki biyu. Babban cokali ɗaya na mai yana da kimanin kalori 120, daidai da ƙaramin cokali 7 na sukari. A nan babu bambanci tsakanin man gyaɗa, da manja, da man shanu. Duka suna sa ƙiba in sun yi yawa.

Ba mu ce a bar mai ba. Jiki yana bukatar kaɗan, don da shi yake ɗaukar wasu bitamin, kamar bitamin A. Abin da muke cewa shi ne a auna. Uwar gida ta riƙa zuba mai da cokali, kada ta tuntsura kwalba a tukunya. Miyar da mai yake yawo a kanta ba ta fi daɗi ba, ta fi tsada ne kawai. Haka nan man da muke kwararawa a kan dambu, da ɗanwake, da shinkafa da wake: cokali ɗaya ya isa.

Duk abin da aka tsoma cikin tafasasshen mai yana shan mai: ƙosai, da fanke, da awara, da soyayyen dankali, da soyayyar doya. Wake abinci ne mai kyau ƙwarai, amma in ya zama ƙosai ya koma da mai a cikinsa. Gara mu dafa shi, ko mu yi alala. Nama da kifi, mu dafa ko mu gasa. Mu cire kitse da fatar kaza. A wurin mahauci, mu ce ya ba mu tsoka, ya riƙe kitsensa. Gyaɗa, da aya, da riɗi suna da amfani, amma suna da mai sosai. Cikin tafin hannu ɗaya ya isa.

Na uku: farar shinkafa, da burodi, da taliya

Waɗannan ba guba ba ne, amma an cire masu dusa, ga su da saurin narkewa. Mutum ya ci kwano guda, ba da daɗewa ba ya sake jin yunwa. Haka makaroni yake, haka garin rogo. Hatsi, da dawa, da wake da muke nomawa sun fi su riƙe ciki, musamman in ba a yi masu surfe mai tsanani ba. Wanda ya bar tuwon hatsi ya koma burodi da mayonez don ya nuna wayewa, bai yi ma jikinsa adalci ba.

Amma tuwo ma yana da iyaka. In mun saba cin malmala 3, mu koma 2. Da yake muna ci a kwano ɗaya da iyali, da wuya mutum ya san abin da ya ci. Mai son rage ƙiba ya ɗebi nasa a ƙaramin kwano. Rabin kwanon ya zama ganye da kayan lambu. Rabin da ya rage a raba shi biyu: kashi ɗaya tuwo ko shinkafa, kashi ɗaya wake, ko kifi, ko ƙwai, ko nama. A ci a hankali, kada a ƙara.

Gishiri da dunƙulen miya

Gishiri ba ya zama kitse, amma yana riƙe ruwa a jiki, yana kuma tayar da jini. Mai ƙiba kuwa dama yana kusa da hawan jini. Awon da OMS ta bayar shi ne ƙasa da garam 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Dunƙulen miya na kanti, kimanin rabinsa gishiri ne. In mun sa shi, mu rage gishiri. Daddawa, da albasa, da tafarnuwa, da tattasai suna ba miya ɗanɗano.

Abin da za mu ƙara

Wanda ya rage wani abu, sai ya cike gurbinsa, in ba haka ba yunwa za ta mayar da shi baya. Abin cikewa yana cikin garakenmu da gonakinmu: zogale, da rama, da yakuwa, da alayyafo, da kuka, da kuɓewa, da kabewa, da kabeji, da salati, da tumatir, da karoti, da yalo. Suna cika ciki, kalorinsu kaɗan ne. Ana son babban mutum ya ci aƙalla garam 400 na kayan lambu da ƴaƴan itace a yini. Gwaba, da gwanda, da kankana, da lemu, da mangwaro, mu ci su yadda suke, kada mu matse ruwansu kawai. Dabino yana da zaƙi sosai, ƙwaya 2 ko 3 sun isa. Masu noman rani, kada mu kai komi kasuwa, mu bar ma gida rabonsa.

Sai motsa jiki. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ita ce mafi ƙarancin abin da ake so. Amma mu sani, kwalbar lemu ɗaya tana iya mayar da abin da tafiyar rabin awa ta ƙone.

Waɗanda wannan magana ba ta shafa ba

Mu lura da kyau. Ba a rage ma yara ƙanana abinci. Yaro yana bukatar mai, da ƙwai, da nono, da wake don ya girma. Abin da za a hana shi, alewa ce da lemun kwalba. Mace mai juna biyu ba ta neman rage nauyi. Mai shayarwa kuma kada ta zauna da yunwa. Manomin da yake wuni a gona da hauya yana bukatar tuwonsa cikakke. Mai shan maganin ciwon sukari ya shawarci likita kafin ya canza cimarsa, don kada sukarin jininsa ya faɗi ƙasa. Wanda kuma yake ramewa ba da nufinsa ba, musamman in akwai tari, ko zawo, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ya gaggauta zuwa gidan likita. Wannan ba sa'a ba ce, alamar ciwo ce.

Sannu ba ta hana zuwa

Kitsen da ya taru cikin shekaru ba ya tafiya cikin mako guda. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya isa. Mutum mai kilo 90, in ya rage kilo 5 kawai, jininsa da sukarinsa suna iya sauka. Kada mu sayi shayi ko ƙwayar rage ƙiba a hannun masu talla. Wasunsu zawo da fitsari kawai suke sawa, ruwa ya fita, kitse ya zauna. Haka kuma, ƴan uwa mata, mu guji ƙwayoyin sa ƙiba. Wasunsu suna kumbura jiki, suna jawo ciwon sukari da hawan jini.

Wannan aiki na gida duka ne. Mai gida, in matarka ta fara rage ƙiba, kada ka ji kunyar abin da mutane za su ce, ka taya ta. Uwar gida, cokalin mai yana hannunki. In mun je baƙunci aka kawo mana lemu, mu yi godiya mu roƙi ruwa, ba raini ba ne. Mu fara da abu ɗaya tun yau: mu ƙirga cokalin sukarin da muka sha, mu rubuta a takarda, gobe mu rage ɗaya. Bayan wata 3, mu sake ɗauko igiyarmu mu gwada.