Batir ya cika, caji ya tsaya da kansa

Yau karatunmu bisa batir ne, ƙarami mai bolt 12, irin na babur, wanda kuke kunna fitila da rediyo da shi.

Batir da tsada yake. Amma sau da yawa bai kai shekara ba ya mutu. Mi ke kashe shi? Yawan caji. Ka sa shi da dare, ka yi kwana, ya cika tun tsakad dare, kuran yana ta shiga har safe.

Cikin batir akwai ɗaki 6. Kowane ɗaki yana da faranti na dalma cikin ruwan asid, yana ba da bolt 2. In batir ya cika ba a yanke kuran ba, sai ya yi zafi. Ruwan ya riƙa tafasa yana fita iska, faranti su bushe su lalace. Iskar nan kuma tana kama wuta.

Maganin wannan shi ne caja mai yankewa da kanta. Ku tuna da randa: in ta cika, mai hankali ya daina zuba ruwa.

Ga kayan da ake haɗawa:

1. Taransifoma. Ita ke rage kuran na gida daga bolt 220 zuwa wajen 15.
2. Diyod 4. Su ke sa kuran ya bi hanya guda, don batir ba ya cin mai kai da kawowa.
3. Diyod zena da ƙaramin taransisto. Su ne masu gadi. Zena ba ta buɗe hanya sai ƙarfin batir ya kai iyaka.
4. Rele. Shi ne ƙofa. In zena ta buɗe, taransisto ya tada rele, ka ji ƙas, waya ta yanke.
5. Ɗan maɓallin juyawa na daidaita iyaka, da fis na tsaro.

Iyakar ita ce bolt 14,4. Mai gyaran rediyo zai sa na'urar awo bisa kawunan batir, ya juya maɓalli sannu-sannu har rele ya yanke daidai nan. Ku ce masa ya ɗaura rele yadda in ya yanke ba ya komawa sai an danna. In ba haka ba, ƙarfin batir ya ɗan sauka, rele ya yi ta buɗewa da rufewa.

Kada a ɗura ma batir kuran da yawa. Ku karanta lambar da ke jikinsa, ku raba ta 10. In an rubuta 7 Ah, a ba shi ampa 0,7.

Ku kiyaye abu 4. Jar waya ga alamar +, baƙa ga alamar −. A yi caji a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu da taba. In ruwa ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya, ban da asid. Gefen bolt 220 kuwa yana kisa, ku bar ma mai sana'a.

Aikin gida: batir mai 12 Ah, ampa nawa za a ba shi? Ku rubuta cikin littafinku, ku nuna ma malam.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.