Turjiyar Yukren: Yadda Ta Tsaya da Abin da Yaƙin Ya Jawo wa Duniya

Da asubahin ranar Alhamis, 24 ga Fabrairun 2022, sojojin Rasha suka kutsa cikin Yukren ta fuskoki uku: ta arewa daga ƙasar Belarus, ta gabas daga kan iyakar Rasha, sannan ta kudu daga yankin Kirimiya. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu nahiyar Turai ba ta ga hari mai girman wannan ba. Masana harkar tsaro da dama, har da na Amurka, sun ɗauka cewa Kiyef, babban birnin ƙasar, zai faɗi cikin 'yan kwanaki. Bai faɗi ba.

Rikicin ya girmi wannan rana. Yukren ta ɓalle daga Tarayyar Sobiyet a 1991, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ƙuri'a suka zaɓi 'yancin kai. A 1994 ta amince ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada, Rasha da Amurka da Birtaniya kuma suka sa hannu a Budafes cewa za su mutunta iyakokinta. Bayan shekara 20 Rasha ta take wannan alkawari. A 2014, da zanga-zangar Kiyef ta kawar da Shugaba Yanukovych mai ƙawance da Mosko, Rasha ta haɗe Kirimiya, ta kuma mara wa 'yan aware baya a yankunan Donetsk da Luhansk. Mutum kusan 14,000 ne suka mutu a wannan faɗa kafin 2022. Mosko tana cewa faɗaɗar ƙungiyar tsaro ta NATO zuwa ƙofarta ce ta tilasta mata. Ƙorafin yana da tarihinsa, amma babu wata dokar duniya da ta halatta wa ƙasa ta ci maƙwabciyarta da yaƙi saboda ƙawancen da take nema.

Makomar yaƙin ta fara bayyana ne a filin jirgin saman Hostomel da ke bakin Kiyef. A ranar farko jirage masu saukar ungulu suka sauke zaratan sojojin Rasha a can, da nufin su riƙe filin har manyan jiragen dakon kaya su kawo dubban mayaƙa. Dakarun Yukren da ke gadin wurin ba su da yawa, amma sun yi tsayin daka, manyan bindigogi kuma suka yi ta luguden wuta a kan titin saukar jiragen har ya lalace. Jiragen dakon ba su sauka ba. Daga nan sai Rasha ta dogara da hanyar mota, inda jerin gwanon tankoki da motocinta mai tsawon kusan kilomita 60 ya maƙale a arewacin birnin, ga ƙarancin mai ga kwanton ɓauna. 'Yan Yukren sun karya gadar garin Irpin da hannunsu, suka kuma saki ruwan madatsa ya malale ƙauyen Demydiv da gonakinsa, don kada tankoki su sami wurin bi. Mutanen da suka yarda ruwa ya ci gidajensu domin ya tare abokin gaba sun riga sun nuna inda suka tsaya. Zuwa farkon Afrilu Rasha ta janye daga duk kewayen Kiyef.

A waɗancan makonni manyan makaman ƙasashen Yamma ba su iso ba, in ban da ƙananan rokokin harbo tanka da jirgi da ake saɓawa a kafaɗa. Abin da ya riƙe ƙasar shi ne jama'arta. Shugaba Volodymyr Zelensky ya ƙi barin Kiyef, ya kuma ɗauki bidiyon kansa da wayar hannu a kan titi tare da manyan muƙarrabansa don kowa ya gani. Dubun-dubatar fararen hula, malamai da direbobi da 'yan kasuwa, suka yi layi suna neman a sa su cikin rundunar sa-kai ta tsaron yankuna. Ma'aikatan jirgin ƙasa sun kwashe miliyoyin mata da yara zuwa yamma, sau da yawa cikin dare da fitilu a kashe. A Yunin 2022 wata gidauniya ta Serhiy Prytula, tsohon mai gabatar da shirye-shiryen talabijin, ta tara kuɗin sayen jirage marasa matuƙa samfurin Bayraktar cikin kwana 3 kacal. Da kamfanin Turkiyya mai ƙera su ya ba da su kyauta, sai aka karkatar da kuɗin wajen samar wa sojoji tauraron ɗan Adam mai ɗaukar hoto.

Abin da aka tarar bayan janyewar Rasha ya ƙara ƙeƙasa zukata. A garin Bucha an tsinci gawawwakin mutum fiye da 400, wasu a yashe kan titi da hannuwa ɗaure ta baya. A Mariupol, birnin da aka yi wa ƙawanya kusan wata uku, an jefa bam kan gidan wasan kwaikwayon da ɗaruruwan iyalai suka fake a ciki, mayaƙan ƙarshe kuma suka miƙa wuya daga masana'antar ƙarfe ta Azovstal a watan Mayu. Da kaka ta kama Yukren ta mai da martani: ta ƙwato mafi yawan yankin Kharkiv a Satumba, ta kuma koma birnin Kherson ranar 11 ga Nuwamba, makonni shida bayan Shugaba Vladimir Putin ya ayyana yankin a matsayin ƙasar Rasha.

Nasarar da ta fi ba da mamaki a teku aka same ta. Ƙasar da kusan ba ta da rundunar ruwa ta nutsar da Moskva, babban jirgin yaƙin Rasha a Bahar Aswad, da makami mai linzami ƙirar gida a Afrilun 2022. Daga baya ƙananan jiragen ruwa marasa matuƙa maƙare da bama-bamai suka tilasta wa Rasha kwashe yawancin jiragenta daga Sebastofol zuwa Novorossiysk.

A tudu kuwa labarin ya sauya. Babban farmakin da Yukren ta kai a 2023 ya ci karo da gonakin nakiyoyi da ramukan da Rasha ta shafe watanni tana haƙawa. Bakhmut ta faɗi a Mayun 2023, Avdiivka a Fabrairun 2024, kowace bayan ta zama kufai. Yaƙin ya koma na gajiyar da juna, inda ƙananan jirage marasa matuƙa na 'yan ɗaruruwan daloli ke farautar tankokin miliyoyi. Rasha ta samo jirage marasa matuƙa samfurin Shahed daga Iran, harsasai da sojoji daga Koriya ta Arewa, tana kuma kai wa tashoshin lantarki hari duk lokacin sanyi. Yukren na fama da ƙarancin mayaƙa, har ta rage shekarun shiga soja na dole daga 27 zuwa 25, ga kuma badaƙalar cin hanci da ta sa aka sauya ministan tsaro a 2023. Tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a shekarar farko, mutum fiye da miliyan 6 sun yi gudun hijira zuwa ƙetare, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta tabbatar da mutuwar fararen hula fiye da 12,000 zuwa ƙarshen 2024.

Sauran duniya ta fara jin raɗaɗin ne a kasuwar abinci. Kafin yaƙin, Rasha da Yukren ne ke fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na alkamar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, Yukren kuma ita ce kan gaba wajen fitar da man girki na sunfulawa. Da aka toshe tashar ruwan Odesa, ma'aunin farashin abinci na Hukumar Abinci da Noma ta Duniya ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba a Maris ɗin 2022. Ƙasashe irin su Masar da Lebanon da Somaliya, masu dogaro da alkamar Bahar Aswad, su suka fi shan wuya. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya da Turkiyya suka ƙulla a Santambul a Yulin 2022 ta ba da damar fitar da tan kusan miliyan 33 na hatsi kafin Rasha ta fice daga cikinta bayan shekara guda. Daga nan Yukren ta buɗe tata hanyar ta gefen gaɓar Romaniya da Bulgariya, korar da aka yi wa jiragen yaƙin Rasha ce kuma ta sa hanyar ta ɗore.

Ruwan da ya daki Turai bai bar Afirka ta Yamma ba. A Nijeriya litar man dizal da ake sayarwa ƙasa da naira 300 a farkon 2022 ta haura 800 kafin shekarar ta ƙare, masu gidajen burodi kuma suka haɗu da tsadar fulawa da ta mai a lokaci guda. Takin zamani ya yi tashin gwauron zabo, domin Rasha da Belarus na cikin manyan masu samar da sinadaran haɗa shi. Dubban ɗaliban Nijeriya da Gana da ke karatun likitanci a Kharkiv da Sumy da Kiyef sun tsere ta kan iyaka, wasunsu kuma sun ba da labarin wariyar launin fatar da aka nuna musu wajen shiga jirgin ƙasa da tsallakawa Foland. Wannan tabo ne da ya rage wa Yukren farin jini a idon 'yan Afirka da yawa.

Turai ma ta sake fasali. Ƙasashen Tarayyar Turai da ke sayen kusan kashi 40 cikin 100 na iskar gas ɗin da suke shigowa da ita daga Rasha sun koma ga Amurka da Norwe da Ƙatar, Rasha kuma ta karkata ɗanyen manta zuwa Indiya da Sin a farashi mai rangwame. Finland ta shiga NATO a 2023, Suwidin a 2024, wato yaƙin da aka ce an yi don hana ƙungiyar faɗaɗa shi ya ƙara mata iyaka mai tsawon kilomita 1,300 da Rasha.

Tallafin da Yukren ta samu yana da yawa ƙwarai. Majalisar dokokin Amurka ta ware kusan dala biliyan 175 tsakanin 2022 da 2024, Tarayyar Turai ta buɗe wa 'yan gudun hijira fiye da miliyan 4 ƙofa tare da izinin aiki da makaranta, aka kuma ƙwace ikon taɓa kusan dala biliyan 300 na babban bankin Rasha da ke ajiye a ƙetare. Ƙasashe kimanin 50 sun riƙa zama a sansanin Ramstein na Jamus suna tsara wanda zai ba da me. Matsalar ita ce jan ƙafa. Kowane babban makami sai an shafe watanni ana ja-in-ja a kansa don tsoron fusata Mosko: tankokin Leopard sai 2023, jiragen F-16 sai 2024. Watanni shida da majalisar Amurka ta yi tana riƙe da tallafin dala biliyan 61 su ne watannin da masu harba manyan bindigogi a Avdiivka suka riƙa ƙirga harsashi.

A fagen diflomasiyya, ƙasashe 141 suka yi tir da mamayar a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 2 ga Maris ɗin 2022, biyar suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Nijeriya da Nijar da Gana da Chadi sun kaɗa ƙuri'ar yin tir, amma kusan rabin masu ƙauracewar daga Afirka suke. Dalilansu sanannu ne: taimakon da Sobiyet ta bai wa masu gwagwarmayar 'yanci, cinikin makamai, da fushin ganin yadda Yamma ta yi a Iraƙi da Libiya, daga baya kuma a Gaza. Zargin fuska biyu gaskiya ne. Sai dai nahiyar da shugabanninta suka yanke shawara a Alƙahira tun 1964 cewa za a bar iyakokin da aka gada yadda suke ita ce za ta fi kowa asara idan aka saba da sauya iyaka da bakin bindiga, kamar yadda jakadan Kenya Martin Kimani ya tunatar da Kwamitin Sulhu kwanaki kaɗan kafin harin. A Agustan 2024 Mali da Nijar sun yanke hulɗa da Yukren, suna zarginta da taimaka wa 'yan tawayen da suka kashe sojojin Mali da sojojin hayar Rasha na Wagner a Tinzawatan.

Dawowar Donald Trump kan mulkin Amurka a Janairun 2025 ta mai da nauyin tallafin kan Turai, ganawarsa da Putin a Alaska a watan Agusta kuma ba ta haifar da tsagaita wuta ba. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya tana neman Putin tun Maris ɗin 2023 kan kwashe yaran Yukren zuwa Rasha. A lokacin waccan ganawa Rasha tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa sake gina abin da aka rusa zai ci fiye da dala biliyan 500.