Mu ke zubi, wa ke riƙe da littafin?

A daminar 2024, duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Kawo ko Unguwar Shanu ya ga matasa sun duƙufa kan waya, yatsu uku ko huɗu na dukan fuskarta babu ƙaƙƙautawa, shayi na hucewa a gabansu. Mainin suke yi, in ji su, wato haƙar sulallan intanet. Notcoin ta fashe a watan Mayu, wasu sun samu rabo, sai kowa ya afka wa Hamster Kombat da TapSwap a manhajar Telegram. Ranar 26 ga Satumba Hamster ta yi rabonta, da yawa suka tarar abin da suka samu bai biya kuɗin data da cajin waya ba. An yi musu dariya, amma ni ban ga abin dariya ba. Waɗannan yara sun ji ƙanshin wani sauyi na gaske a intanet, illa dai an shigo da su ta ƙofar baya.

Lokacin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1989, abin na karatu ne kawai: 'yan kaɗan su wallafa, saura su duba. Haka muka same shi a shagunan intanet na titin Ahmadu Bello, ana biyan kuɗin awa. Da Facebook ya zo a 2004, YouTube a 2005, sannan waya mai intanet ta yi araha, sai alƙalami ya dawo hannun kowa. Alherin wannan a bayyane yake. Matar aure a Malali tana sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp ba tare da ta kama shago a Kasuwar Sheikh Gumi ba, marubuciya tana sayar da littafinta babi-babi ga masu karatun da ba ta taɓa gani ba.

Sai dai rumfar ba tamu ba ce. Mu ke rubutu, mu ke ɗora hoto da bidiyo, kamfani a Kalifoniya ke tattara bayananmu yana sayar da talla. In ya ga dama ya rufe shafin da mutum ya shekara biyar yana ginawa, babu ofishin da za a kai kuka. Gwamnati ma tana iya toshe ƙofar, kamar yadda aka dakatar da Twitter a Najeriya daga 5 ga Yunin 2021 har zuwa 13 ga Janairun 2022.

Wannan ciwon ne masu kiran Web3 suka ce za su magance. Gavin Wood, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, shi ya raɗa sunan a 2014. Ga misalin yadda tsarin yake: a adashe, uwar adashe ce ke riƙe da littafi, kowa ya dogara da amanarta. A tsarin blockchain kuwa, dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban kowace na riƙe da kwafin littafin, kuma ba a shigar da sabon lissafi sai sun yi ittifaƙi a kansa. Wanda ya so goge layi ɗaya sai ya rinjayi mafi yawansu. A kan haka Bitcoin ta tsaya tun 2009. Ethereum da ta fara aiki a 2015 ta ƙara da yarjejeniyar da ke zartar da kanta: sharaɗi na cika, kuɗi su tafi, babu mai sa hannu.

Akwai masu cin moriyar wannan a Kaduna. Matashin da ke yi wa wani kamfanin waje zane ko rubuta manhaja yana karɓar ladansa da USDT, sulallan da aka ɗaure darajarsu da dalar Amurka, cikin mintuna. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar irin waɗannan sulalla, wato kirifto, a Fabrairun 2021, ciniki ya koma hannu da hannu tsakanin mutane, har bankin ya janye haramcin a Disambar 2023. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2025 ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC.

Abin da ba a faɗa wa yaranmu shi ne, inda babu uwar adashe babu wanda za a riƙe. Makullin asusu kalmomi ne 12 ko 24. Ka ɓatar da su, dukiya ta tafi. Ka tura wa wani, ta zama tasa. Kuma yawancin abin da ake tallata mana da sunan nan yana da mai shi, ɓoye fuska kawai ya yi. CBEX da ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 damfara ce irin ta da, aka yi mata sabuwar riga. Ko tsarin na gaskiya ma yana tafiya ne a kan turakun sadarwa. Da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan a ƙarshen Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga, mai asusun kirifto da mai asusun banki duk zaman jira suka yi.

Ɓangare na biyu na sauyin ya fi damuna. Tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022, mutane sun fara barin bincike shafi-shafi, suna tambayar na'ura ta ba su amsa a dunƙule. Irin wannan manhaja daga rubutun mutane take koyo, gwargwadon abin da ta karanta gwargwadon ƙwarewarta. Gina ta na cin kuɗi da lantarki masu yawan gaske, shi ya sa kamfanoni ƙalilan ke iyawa. Wato yayin da ake mana albishir da intanet marar shugaba, ƙwaƙwalwar da za ta riƙa ba mu amsa tana taruwa a hannun mutane kaɗan.

Hausar da waɗannan na'urori suka karanta kuma ba ta da yawa. Tamu mai daɗin tana cikin saƙon murya, da faya-fayan Rediyon Najeriya Kaduna, da tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da takardun ajami da ke Gidan Arewa. Ko ba jima ko ba daɗe wani zai zo neman su. Ina so kafin ranar a ce ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne suka ɗauki hotonsu, suka buga su a kwamfuta, aka biya su ladan aikinsu, kuma cibiyoyin da ke ajiye da kayan suka rubuta sharuɗɗan da duk kamfanin da ke son amfani da su zai cika.