Gammon Ganye da Kyandir Huɗu a Gidajen Jamusawa

Idan watan Nuwamba ya ja baya a Jamus, rana kan yi rowa. A birni irin Hamburg, ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika ba duhu ya fara sauka, itatuwa sun kaɗe ganye sun bar rassa tsirara, sanyi kuwa sai wanda ya ji. A irin wannan lokaci ne za ka shiga gida ka tarar an share teburin cin abinci, an shimfiɗa tsofaffin jaridu, an jibge rassan kore, ga almakashi ga ƙullin waya. Ana shirin ɗaura abin da suke kira Adventskranz, wato zoben ganyen da ake lissafa kwanakin jiran Kirsimeti da shi. Ni dai ban sami abin da ya fi kama da shi ba kamar gammo, sai dai nasu gammon ya kai faɗin faifai, kuma kyandir yake ɗauka, ba tulu ba.

Advent shi ne lokacin da Kiristoci ke shirin tarbar Kirsimeti, kuma Lahadi huɗu ne a cikinsa. Ta farko takan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Lahadin da ke gabanta kuma ranar tuna mamata ce a wurin 'yan Furotesta, shi ya sa dattawa da yawa ba sa son ganin an fito da kayan ado kafin ta wuce. Kwanakin da ke tsakanin Lahadin nan biyu su ne na ɗaurin gammon.

Al'adar tana da mai ita, kuma an san shi. Sunansa Johann Hinrich Wichern, malamin addinin Kirista da ya buɗe gidan renon yaran talakawa a gefen Hamburg a 1833, gidan da ake kira Rauhes Haus. Yara dai ba su san haƙuri ba, kullum sai sun tambaye shi saura kwana nawa Kirsimeti. A 1839 sai ya samo tsohuwar ƙafar keken doki, ya jera mata kyandirori a kewaye: ƙanana jajaye na ranakun mako, manya farare guda huɗu na ranakun Lahadi. Kowace rana a kunna ɗaya. Duk yaron da ke son sanin saura kwana nawa, sai ya ƙirga waɗanda ba a taɓa ba. Wajen 1860 aka fara lulluɓe katakon da ganye. Da abin ya shiga gidajen jama'a, sai aka ga ƙafar keken doki ba ta zama a kan tebur, kuma kyandir ashirin da ɗoriya ba ƙaramin kuɗi ba ne, aka rage su zuwa huɗu. Katolika sun daɗe suna kallon abin a matsayin na 'yan Furotesta. Sai a 1925 aka rataya shi a wata cocinsu a birnin Kolon.

Ana sayar da ɗaurarre a shagunan furanni da manyan kantuna, amma gidaje da dama sun fi son su ɗaura da hannunsu. Tushen aikin shi ne zoben karan hatsi da aka matse, wanda akan adana daga bara zuwa bana. Sai ganye, kuma a nan ne ake gane wadda ta iya. Ba kowane itacen da ke zama kore a hunturu ne ke da amfani ba. Akwai wanda suke kira Fichte, mai arha, ganyensa kamar allura, amma da ya ji ɗumin ɗaki na 'yan kwanaki sai ya fara zuba a kan tebur. Wanda aka fi nema shi ne Nordmanntanne, ɗan asalin tsaunukan Kokasus, domin ganyensa ba ya suka kuma yana jure bushewa.

Za a yanyanka rassan gajeru, kamar tsawon tafin hannu, a tara su uku-uku ko huɗu-huɗu. A ɗaure bakin waya a jikin zoben, a ɗora damin farko, a naɗe gindinsa sau biyu ko uku a ja da ƙarfi. Dami na biyu sai ya hau kan gindin na farko ya rufe wayar, na uku ya rufe na biyu, duk suna kallon gefe guda kamar gashin kaza. Ba a yanke wayar sai an zagayo. Wurin da ya fi wuya shi ne ƙarshe, inda za a ɗaga kan damin farko a cusa gindin na ƙarshe a ƙarƙashinsa, yadda mai kallo ba zai gane inda aka fara ba. Sabon hannu a nan yake tonuwa: ko wani gefe ya yi ƙiba wani ya rame, ko kara ya leƙo ta ciki. Kafin a gama, yatsu sun yi danƙo da ƙaro, ɗakin kuma ya cika da ƙamshin daji.

Kafa kyandir ma da dabararsa. Akan yanko waya mai kauri, a gasa bakinta a wuta, a soka a gindin kyandir tana da zafi don kada ya tsage, sannan a soka ɗaya bakin a cikin karan. Yanzu akwai 'yan farantan ƙarfe masu tsini da ake sayarwa saboda haka. Ja shi ne launin da aka fi sabawa da shi. A cocin Katolika da wasu gidajensu, musamman a kudancin Jamus da Ostiriya, akan sa uku masu ruwan shuni, ɗaya mai ruwan hoda, wanda ake kunnawa a Lahadi ta uku, Lahadin murna.

Adon kuwa aikin yara ne: busassun yankan lemo, sandunan kirfa a ɗaure da jan zare, 'ya'yan itacen da aka tsinto a daji, ƙananan taurarin kara. A ganina wanda aka sauƙaƙa wa ado ya fi kyau. Akwai waɗanda ake lafta wa ƙyalƙyali har a rasa ganin ganyen da aka sha wahalar ɗaurawa. A Ingila da Amurka akan rataya irin wannan zobe a ƙofar gida, ba kyandir, sai jan ƙyalle da ganyen holly mai ƙaya da jajayen 'ya'ya. Jamusawa ma suna rataya na ƙofa, amma na tebur shi ne babba.

Ranar Lahadi ta farko da la'asar, iyali kan zauna a kewaye da shi. Ga kofi, ga biskit ɗin da aka toya a gida, ga Stollen, burodin nan mai zabibi da aka barbaɗe da garin sukari, wanda birnin Dresden ya yi suna da shi. A kashe fitila, a kunna kyandir ɗaya tak, sauran ukun suna tsaye a duhu. Wasu gidajen su yi waƙa ko karatun Littafi Mai Tsarki, wasu hira kawai suke yi, domin yanzu har waɗanda ba sa leƙa coci suna ɗaura shi. Mako na zagayowa a kunna biyu, sannan uku.

Zuwa mako na huɗu ganyen ya bushe ƙayau, na farkon kyandirorin kuma ya ci ya kusa taɓa shi. Shi ya sa kowace shekara 'yan kwana-kwana ke jan kunne: a ɗora shi a kan faranti ko tiren ƙarfe, kada a fita a bar shi yana ci, a ajiye ruwa a kusa. Wasu matan sukan fesa masa ruwa kowace safiya, wasu su kai shi baranda ya kwana a sanyi. Akwai masu wayon sauya kyandirin da za a kunna don su ƙone daidai da juna, akwai kuma masu cewa a bar su haka, na farko guntu, na huɗu dogo, kamar matakala, mai shigowa ya duba ya san inda aka kwana.

Bayan Kirsimeti sai a kwance wayar a naɗe ta, a zubar da ganyen, a mayar da zoben karan cikin kwali tare da farantan kyandir, a kai ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida.