Famfon Mai a Ƙaramin Jirgin Sama

Idan shinkafa ta fara nuna a fadamun Rima, daga Gwadangaji har Argungu, ba abin da ke hana manomi barci kamar jan-baki. Tsuntsun kan taso kamar hadari, ya sauka a gona, ya bar ta kara zalla. Shi ya sa a wasu shekarun gwamnati kan ɗauko ƙaramin jirgi, ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ya bi makwancin tsuntsayen yana feshi. Irin wannan jirgi ƙasa-ƙasa yake tafiya. In mai ya yanke wa injinsa, matuƙi ba shi da sararin yin dabara.

Inda tanki yake

Babur ba ya buƙatar famfon mai, don tankinsa na sama, kafireta na ƙasa, fetur gangarowa kawai yake yi. Haka tsofaffin jiragen Cessna 172 suke: fukafukansu na sama, tanki na cikinsu. Amma jirgin da fukafukansa ke ƙasa, irin TB-9 Tampico da ɗalibai da dama suka koyi tuƙi da shi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sai an turo masa mai. Inji na da famfonsa da yake juyawa da kansa, sai a ƙara masa na lantarki. Matuƙi kan kunna na lantarkin wajen tayar da inji, da tashi, da sauka, da sauya tanki, domin in na farko ya gaza a sami madogara.

Matsi daidai wa daida

Wanda bai san kan abin ba zai ce a sayo famfon da ya fi ƙarfi. Nan ne kuskuren. A cikin kafireta akwai wani ɗan kofi da mai ke taruwa, da wani abu mai yawo a kan man, wanda ke tura 'yar allura ta toshe ƙofa idan kofin ya cika. Allurar nan ba ta da wani ƙarfi. In matsi ya fi ƙarfinta, sai ya bankaɗe ta, mai ya tumbatsa, inji ya shaƙe, fetur kuma ya riƙa ɗiga kusa da salansa mai zafi.

Ana auna matsin da psi, ma'aunin da mai faci ke dubawa in yana ba taya iska. Tayar mota kan ɗauki kimanin 30. Injin Lycoming O-320 mai kafireta kuwa ba ya son ƙasa da rabin psi, ba ya son sama da 8, wajen 3 ya fi masa daɗi. Rotax 912 mai kafireta yana zaune lafiya tsakanin 2.2 da 5.8. Injin Lycoming mai injekta, wanda ke fesa mai ta nozul, shi ne ke neman matsi kusan irin na tayar mota, daga 20 zuwa 30. Ka ɗaura famfon injekta a kan kafireta, ta yi ambaliya. Ka ɗaura na kafireta a kan injekta, inji ya mutu da ƙishi.

Yawan mai daban, matsi daban

Toshe bakin tiyo da yatsa ka gani: ruwan zai yi tsiri da ƙarfi, amma bokiti ba zai cika da wuri ba. Geji na iya nuna matsi mai kyau sa'ad da inji ke silo, a ba shi totur kuma allurar gejin ta faɗi. Tsohuwar dokar da Amurka ta daɗe tana tantance ƙananan jirage da ita ta ce famfo ya iya kawo kashi 125 cikin ɗari na man da inji ke sha lokacin tashi, mai gangarowa da kansa kuwa kashi 150. Wani sharaɗin kuma: in an kashe famfon lantarki, dole mai ya iya ratsa shi, ko ya kewaye ta wani bawul, kada mataimaki ya zama matoshi.

Zafin bazara

Duk mai noman rani a Kabi ya san injin ban-ruwa in tiyonsa ya sha iska: sai ƙara, ba ruwa. Famfon jirgi ma haka yake, sai dai iskarsa daga cikin man take fitowa. A watan Afrilu zafin Birnin Kabi kan haura digiri 40. Jirgi ya sauka, injinsa na huci, fetur ɗin da ke bututu sai ya zama tururi, famfo kuma ba ya tura tururi. Tsotso na ƙara tsananta haka, don mai ya fi saurin tafasa in matsi ya ragu. Saboda haka ake dasa famfon lantarki a ƙasa, kusa da tanki, nesa da zafi, da matata a gabansa, ya zama turawa yake yi, ba zuƙowa ba. Fetur ɗin mota ya fi saurin yin tururi a kan na jirgi, wato 100LL mai launin shuɗi.

Gwajin jarka

A jirgin da aka yi wa rajista, ba a shiga kasuwa a zaɓo famfo da ido. Lambar da kamfani ya rubuta a littafin jirgi ita ake bi, injiniya mai lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ya sa hannu. Gwajin da ke tabbatar da aikin kuwa ba shi da wuya. A ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, a bar mai kaɗan a tanki, a kwance tiyo daga kafireta, a sa bakinsa a jarka daidai tsayin kafiretar, a kunna famfo, a duba agogo. A ce inji na shan lita 50 a awa wajen tashi, to ana neman lita 62 da rabi, wato lita ɗaya da 'yan kai kowane minti. In jarka ba ta nuna haka ba, jirgi ya kwana a ƙasa, ko da jan-baki zai ƙara kwana a gona.