AYARIN JIRAGEN ISKA A GAƁAR MEKSIKO

Masu karatu, galibinmu a kan tudu muka san ayari: madugu a gaba, dabbobi a baya, ana tafe daga zango zuwa zango. To, a bisa teku ma akwai masu yin haka. A yammacin ƙasar Amurka, idan watan Oktoba ya zo ƙarshe, ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska suna taruwa a birnin San Diyego na jihar Kalifoniya, su kama hanyar kudu tare. Sunan wannan ayari Baja Ha-Ha, amma Baha ake faɗi. Wani ɗan jarida mai suna Richard Spindler, wanda ya kafa mujallar Latitude 38, shi ya tsiro da shi a 1994, kuma a 2024 aka yi karo na 30. Sau da yawa jiragen sukan wuce ɗari.

Inda suka dosa shi ne Kabo San Lukas, gari na ƙarshe a bakin wani dogon zirin ƙasa na Meksiko da ake kira Baha Kalifoniya. Nisan hanyar ya kai mil 750 na teku, wato kamar kilomita 1.390. Irin wannan jirgi kuwa bai cika wuce kilomita 10 ko 12 cikin awa ba. Shi ya sa tafiyar, haɗe da hutawa, takan ci kusan mako biyu.

Ba da ka aka zaɓi lokacin tashi ba. Daga watan Mayu zuwa Nuwamba guguwa mai ƙarfi takan taso a ruwayen kudancin Meksiko, wani lokaci ta hauro arewa. A Satumba ta 2014 wadda aka sa wa suna Odile ta faɗa wa Kabo San Lukas, ta yi ɓarna mai yawa. Sai ruwa ya fara sanyi haɗarin ke raguwa. Bayan haka, iskar wannan gaɓa daga arewa maso yamma take busowa, igiyar ruwa ma kudu take gangarawa. Mai zuwa kudu, ta baya ake tura shi.

An raba hanyar kashi uku, da zango biyu a tsakani. Kashin farko ya fi kowane tsawo da wuya, don ya zarce kilomita 600, kwana biyu ko uku ba a ganin tashar tsayawa. Jirgi ba ya kwana kamar raƙumi. Dole a raba dare, wani ya yi barci wani ya yi tsaro, yana duban ƙyallen iska da fitilun manyan jiragen kaya. A nan ne mai sabon hannu ke gane ko shi ɗan ruwa ne. Zangon farko shi ne Bahiya Tortugas, ƙauyen masunta cikin ƙura da duwatsu, inda ake samun gazuwal da ɗan abinci, baƙi kuma su yi wasan ƙwallon sanda da yaran gari. Na biyu, Bahiya Santa Mariya, ba gari ba ne ma, bukkokin masunta ne kawai da rairayi. A can, sauka da ƙaramin kwalekwale zuwa tudu takan jiƙa mutum sharkaf in igiya ta kife shi.

To, mene ne amfanin tafiya tare? Kada mai karatu ya zaci jiragen a jere suke kamar raƙuman da aka ɗaure da igiya guda. Kwana ɗaya da tashi, kowa ya watse. Mai sauri ya yi gaba, mai nauyi ya yi baya, sau da yawa ba ka hango kowa. Abin da ke haɗa su na'urorin sadarwa ne. Kowace safiya kowa yakan sanar da inda yake, a kuma ba da labarin iska da igiya. Wanda injinsa ya tsaya ya faɗa, cikin jirage ɗari da wuya a rasa makaniki ko likita ko mai irin ƙarfen da ya karye. Wannan taimako ba ƙarami ba ne a gaɓar da garuruwanta ke nesa da juna.

Amma masu shirya tafiyar ba su ɓoye wa kowa gaskiya ba. Sharaɗinsu shi ne jirgi ya kai ƙafa 27, wato mitir 8 da ɗoriya, an ƙera shi don babban teku, kuma a ƙalla mutum biyu a ciki. Suna kuma gargaɗi cewa wanda bai iya zuwa Kabo shi kaɗai ba, kada ya shiga ayari da tunanin wasu za su ɗauke masa nauyi. A ganinmu nan ne hankalin abin yake, domin taro yakan sa mai rauni ya ji kansa da ƙarfi.

A Oktoba ta 2009 an ga dalilin gargaɗin. Cikin kashin farko, wata ƙatuwar dabbar teku, wadda Faransawa ke kira balen, ta bugi wani jirgin ayarin ta fasa shi. Ruwa ya fi ƙarfin mutum biyar da ke ciki, jirgi ya nutse. Abin da ya cece su kayan da suka tanada ne: kwalekwalen roba na ceto, da na'urar da ke aika alamar neman agaji ta tauraron ɗan adam. Jirgin sama mai saukar ungulu na masu tsaron gaɓar Amurka ya zo ya kwashe su, ba wanda ya rasa ransa. Kabo kanta ta taɓa nuna cewa yawa ba kariya ba ne. A Disamba ta 1982, tun ba a fara wannan ayari ba, iska ta juya a kan jiragen da ke tsaye kusa da juna a bakin garin, ta watsa fiye da 20 a kan rairayi. Har da Joshua, jirgin shahararren matuƙin nan Bafaranshe, Bernard Moitessier, wanda ya zagaya duniya shi kaɗai a 1968 da 1969.

Idan an isa Kabo, sai a yi walima a raba kyaututtuka na raha, tun da ba tsere ake yi ba, kuma ba a hana kowa tada inji in iska ta kwanta. Daga nan ayari ya watse. Wasu su shiga Tekun Kortes wajen birnin La Paz, wasu su ci gaba kudu, kaɗan su jira bazara su ƙetara zuwa tsibiran Folinesiya ta Faransa. Waɗanda aiki ke jira a gida kuwa, sai su juya arewa, iska da igiyar da suka turo su yanzu suna dukansu a goshi, kilomita 1.390, kowa da injinsa da gazuwal ɗinsa.