Daga tashe zuwa dandali: ina aikin yake bayan an karɓi digiri?

Duk wanda ya tashi a Dutse, Kiyawa ko Birnin Kudu ya san tashe. Azumi na kai kwana goma, sai yara su manna gemun auduga, wani ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi, a ɗauki gwangwani a bi gida-gida ana waƙa ana amshi. A nan mutum ɗaya ke yin abu uku a lokaci guda: kwaikwayo, waƙa da rawa. Irin wannan wasan ne, da aka faɗaɗa shi aka sa masa fitilu da makaɗa, manyan gidajen wasa na Landan da New York ke sayar wa mutane tikiti su shiga kallo kowane dare.

Mun san a cikinku akwai 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta da ke son abin ya zama sana'a, kuma mun san tambayar da za a yi musu a gida: da wannan za ka ci abinci?

Wurin karatu dai akwai. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na da sashen wasan kwaikwayo, har da dandalin da aka gina da jar ƙasa irin ginin Hausa. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da nata sashen, haka Jami'ar Jos, kuma a Jos ɗin ne cibiyar koyar da aikin fim ta ƙasa take. Mai wannan niyya ya riƙe darasin adabin Turanci da kyau tun yanzu, domin ana nemansa a WAEC da JAMB.

Wahalar tana zuwa ne bayan an gama hidimar ƙasa. Mutum zai dawo Dutse da takardarsa, ya tarar babu gidan wasan da ke ɗaukar ma'aikata da albashi.

A Legas ne irin wannan wasa na dandali ya kafu. Bolanle Austen-Peters, wadda lauya ce, ta kafa cibiyar Terra Kulture, ta shirya wasan Saro a 2013, sannan ta kai Wakaa Landan a 2016. Can gwaji ake yi: ka tsaya gaban darakta ka rera, ka taka, ka karanta rubutu, a ɗauke ka ko a ce ka gwada wani lokaci. Idan wasan ya ƙare, aikin ya ƙare. Ga kuɗin haya na Legas.

Mafi yawan namu Kano suke nufa, kuma nan ne ya kamata ku buɗe ido. Kannywood daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990, daga baya fina-finai irin su Sangaya suka sa waƙa ta zama abin da ke sayar da fim. Amma a Kano an raba aikin nan uku na ɗan tashe. Muryar da kuke ji a waƙar fim yawanci ba ta jarumin ba ce. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef ne ke shiga situdiyo su rera, mai kiɗa ya haɗa sautin a kwamfuta, sannan a kunna waƙar a wurin ɗaukar hoto jarumi ya bi ta da baki. Ke nan wanda ya iya ukun duka, sai ya zaɓi ƙofar da zai fara shiga.

Kuma babu mai tambayar takarda a bakin ƙofar. Ali Nuhu ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jos. Ana farawa ne a ƙarƙashin ubangida, da ɗaukar fitila da fitowa ta minti biyu, wani lokacin kuɗin mota kawai za a ba ka. Mai digiri da ke jin ya fi ƙarfin wannan yakan koma gida da wuri. Amfanin karatun yana fitowa a gaba, wajen rubuta labari da ba da umarni da sarrafa murya, musamman yanzu da kasuwa ta koma shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina, inda marubuci ya fi mai rawa samun aiki. A sani kuma Kano na da hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma tana buƙatar 'yan wasa da mawaƙa su yi rajista. Ga 'yan mata, muna ganin duk wanda ya ce zai sa ki a fim amma ba ya son iyayenki su sani, a yi nesa da shi.

Gida ma bai rasa aiki ba, ko da bai kai na Kano suna ba. Gidajen rediyon Dutse na buƙatar muryoyin talla da wasan kwaikwayo, masu wayar da kai kan rigakafi da karatun 'ya'ya mata kan nemi 'yan wasa su zaga ƙauyuka, makarantu kuma na neman mai shirya musu wasan ranar ba da kyaututtuka. Wasan da za ku yi a ƙarshen wannan zangon, ku roƙi malaminku ya ɗauke shi a waya ya ajiye muku, domin irinsa darakta zai nemi gani ranar da kuka je neman aiki.